Waƙoƙin da muke ji a ɓoye, da gardamar wane ne gwani cikin makaɗan dauri

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya kai da duk ma'aikatan wannan jarida, Allah ya ƙara basira ya kuma yi maku jagora. Don Allah ka ɗan ba ni fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya, ba siyasa ba ce ba kuma maganar tsaro ba ce duk da dai su suka fi damunmu a Katsina yanzu, magana ce ta kiɗa da waƙa. Na san wani zai ce mutum da girmanshi ya rasa abin da zai rubuto ma jarida sai waƙa, to wannan "wani zai ce" ɗin shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro.

Duk majalisar da ka zauna a cikin birnin nan, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa, in dai hira ta gangaro kan makaɗa to sunaye uku za ka ji ana juyawa, Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Shata. Kowa ya gyara zama ya gyara hula ya fara kawo hujja, wannan ya ce azanci wancan ya ce murya, har a tashi ba a shirya ba. Amma da za a ce kowa ya miƙo wayarshi a buɗe mimori a ga abin da ya fi ji, wallahi da an sha mamaki. Nan za ka ga Barmani Coge, ka ga Gambu, ka ga Garba Supa da Haruna Uji, ka ga waƙoƙin Indiya na su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi, kai har Hamisu Breaker da Ado Gwanja za ka tarar a wayar dattijon da jiya-jiya ya gama cewa yaran yanzu ba su iya komai ba sai hayaniya da fiyano. In yana cikin mota shi kaɗai a hanyar Dutsin-ma ko ta Daura zai ƙure murya yana bi yana buga sitiyari, da ya shawo kwanar unguwa sai ya yi maza ya maida ta labarai. Wani kau iyafis ne ya rufa mashi asiri. Ba ina faɗin haka don in tona ma kowa ba, ni ma ina da nawa kuma zan faɗe su, abin da ke damuna shi ne wannan kunyar ta sa mun kasa faɗin gaskiya a kan makaɗanmu, kuma ta sa muna asarar wasu daga cikinsu muna ji muna gani.

Bari in fara da gardamar kanta tunda ita aka fi so.

Ni Bakatsine ne gaba da baya kuma Shata namu ne, a Musawa aka haife shi a 1923, ya zauna Funtuwa, da ya rasu a watan Yunin 1999 a asibitin Malam Aminu Kano sai aka kai shi Daura aka rufe, garin ubangidanshi Sarkin Daura Muhammadu Bashar. To amma duk da haka in aka ce maganar sarrafa harshe ce zalla, a ɗauki kalma a ɗora ta inda ba wanda ya taɓa tunanin za ta zauna kuma ta zauna daram, ni dai Ibrahim Narambaɗa nake ba. Ka saurari abin da ya yi ma Sarkin Gobir na Isa Amadu, ko waƙar da ya yi ma doki Ɗan Filinge, za ka ji mutum ne da yake auna magana kafin ya sake ta, baiti ɗaya sai ka kwana kana juya shi. Shi ya sa har Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya zauna ya yi littafi sukutum a kanshi. Musa Ɗanƙwairo kuma, wanda ya rasu a 1991, abin da ba a kai shi ba shi ne tsarin amshi, yadda yaranshi ke karɓe waƙa daga bakinshi su ƙarasa su miƙo mashi ya ɗora, ga kotso na tafiya a ƙasa, ba mai taka wani. Wannan sai gidan da aka gaji kiɗa aka tashi cikinshi tun ana yara, don shi ma bayan yayanshi Abdu Kurna ya daɗe yana amshi kafin ya zama shugaba.

To amma Malam Edita ina adalcin yake in aka ɗauki Shata aka aza a sikeli guda da waɗannan? Narambaɗa makaɗin fada ne, ubangida ɗaya ke gare shi, an ba shi gida an ba shi doki an ba shi abinci, yana da lokacin da zai zauna da mutanenshi su tsara waƙa su maimaita ta har ta nuna kafin ranar sallah a kai ta ƙofar fada. Shata fa? Shata bai gaji kiɗa ba, mahaifinshi ma bai so ba, daga tallan goro da alewa ya faɗo cikin harkar. Shi a tsaye yake yin tashi, a filin biki ko a kulob ko a gidan rediyo, mutum ya shigo ya gan shi nan take ya ba 'yan amshi layi ɗaya su riƙe, kalangai su ɗauka, shi kuma ya yi ta zuba. Ya yi ma sarki ya yi ma direba, ya yi ma ɗan kasuwa da soja da 'yan bori da matan da ake ji da su a zamanin, ya yi ta noma ya yi ta yaƙin basasa da aka yi daga 1967 zuwa 1970, har kumbon Apollo 11 da Amurka ta harba wata a 1969 sai da ya yi ma waƙa, mutanen ƙauye da yawa a bakinshi suka fara jin labarin. Wanda yake yin haka dole a samu waƙoƙinshi da ba su kai ba, kuma akwai su, mu masoyanshi mu daina musu. Akwai waɗanda in ka saurara jerin sunaye ne kawai da kirari, wane ɗan wane na gode, an ba da kuɗi an wuce. Amma in ya samu wadda ta shige shi, irin Bakandamiyarshi ko ta Sarkin Daura, to nan kam sai dai a yi shiru a saurara. Ba banza ba Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuma tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinshi na uku a kan Shata a Amurka. Don haka ni gardamar Shata da Narambaɗa ina jin daɗinta a matsayin hira, amma ba ta da ranar ƙarewa saboda ba aiki ɗaya suka yi ba.

Abin da ya fi tsaya mani a rai ma ba wannan ba ne. Wa ya ce su ukun nan kaɗai ne za a sa a gardamar? Ko a nan gida muna da Mamman Sarkin Taushin Katsina da ya yi ma Sarki Usman Nagogo kiɗa, yau yaro nawa ne a Katsina zai ji muryarshi ya gane? Ga Salihu Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi, ga Aliyu Ɗandawo. Waɗannan ma na fada ne, mantawa kawai aka yi da su, ba wanda ke jin kunyar ambatonsu. Waɗanda ake jin kunya su ne suka yi ma talaka da mata da 'yan tasha waƙa. In ka lura da kyau za ka ga darajar da muke ba makaɗi ba daga gwanintarshi take fitowa ba, daga rawanin wanda ya yi ma waƙar take fitowa. Wanda ya wasa sarki shi ne fasihi, wanda ya wasa ɗan dambe ko ya yi ma mata kiɗan ƙwarya a cikin gida shi kuma sai a ce ai wannan shashanci ne. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan.

Ɗauki Ɗan Anace. Duk wanda ya taɓa jin waƙar da ya yi ma ɗan dambe Shago ya san abin da nake nufi, tsigar jikinka sai ta tashi ko ba ka taɓa zuwa filin dambe ba, yadda yake maganar mutuwa da jarumta yana zuga mutum ya shiga inda zai iya barin haƙoranshi. A wajen nauyin magana ban ga inda ya gaza ma makaɗan fada ba. Ɗauki Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015, mutum ɗaya da ɗan kuntiginshi mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi ba tawaga, ya yi ma karen mota waƙa lokacin da ba wanda ke kallon karen mota a matsayin mutum, ya yi ta auren dole, ya yi ta zaman aure yana kwaikwayon muryar miji da ta mata shi kaɗai. Shi dai ya ɗan tsira, ana ambatonshi ba kunya saboda gwamnati ta karrama shi kuma ya zaga duniya. To sauran fa?

Nawa da na ce zan faɗa, ta farko ita ce Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ta Funtuwa, Allah ya jiƙanta, ta rasu a 2013. Ina jin ta, ina kuma jin daɗinta har cikin raina. Mu da muka tashi a gidan yawa mun san amada, ranar suna ko biki in maza sun watse sai iyayenmu mata su jawo ƙwarya su kifa, wata a kan ruwa wata a ƙasa, a samo 'yan sanduna a fara, mu yara muna raɓe a bakin ƙofa ana korarmu muna dawowa. A wannan filin ne kaɗai za ka ga matar da kullum kanta ke sunkuye ta miƙe ta yi rawa ta yi dariya da ƙarfi ta faɗi abin da ke cikinta a kan kishiya da uwar miji da mijin da ba ya cefane. Barmani wannan muryar ta ɗauko ta fito da ita duniya ta ji. Eh tana da waƙoƙin da bakinta ya yi kaifi, akwai wadda ba zan sa a gaban ɗiyana ba, ban musa ba. Amma ita ce fa ta yi ta yi ma mata faɗa su kama sana'a, su yi ƙuli-ƙuli su yi fura su yi saƙa kar su zauna jiran hannun miji, tun kafin a fara tara mata a otal ana ba su lacca a kan dogaro da kai ana raba takardar shaida. Matar da ke cikin kulle a Bakori ko Malumfashi ba ta je taron bita ba, kaset ɗin Barmani ta ji. In an zo lissafin gwanaye sai a tsallake ta, in ka ambace ta a majalisa sai a yi dariya a ce kai Malam har da kai? Har da ni, kuma ina so a gaya mani cikin mazan da ake ji da su wa ya yi ma matan Hausawa abin da ta yi masu.

Na biyu shi ne mai wuyar, Muhammadu Gambu mai waƙar ɓarayi. Nan kam na fahimci mai jin nauyi, don a halin da muke ciki a jihar nan, mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Faskari sun ga abin da suka gani, ba wanda zai so ya ji ana wasa mai ɗaukar kayan mutane, kuma shi kanshi Gambu daga baya ya bar abin ya tuba, Allah ya karɓa. Ba na kare abin da waƙar ke yabo. Amma a ce mutumin bai iya waƙa ba ƙarya ne, kuma a ce ba a jin shi ƙarya ce ta biyu, don masu tura waƙa a waya a kasuwa sun san abin da ake zuwa nema a raɗa masu a kunne. Yadda yake jero labari, ya kawo dare da haushin kare da bugun zuciyar mai gida, Hausa ce tsantsa wadda yanzu ba ka samun mai yin irinta. Haka Kassu Zurmi da 'yan tauri da mafarauta. Ana iya ƙin saƙon a kuma yarda da fasahar, jami'o'inmu ma ai suna nazarinsu a sashen Hausa, to don me mu a waje za mu riƙa yi kamar ba mu san su ba?

Sai kuma maganar da ta fi kowace yawo, wai makaɗan dauri tarbiyya suke koyarwa na yanzu kuma lalata. Malam Edita mu ji tsoron Allah. Shata da muke alfahari da shi yana da waƙar da ya yi ma mashaya kuma kowa ya san ta, ya san amshinta, har waɗanda ba su taɓa kusantar kwalba ba. Yana da zambo da in ya kama mutum sai ya gwammace ƙasa ta tsage. Makaɗan fada kuma rabin aikinsu habaici ne da zambo ga 'yan sarkin da ke neman sarauta tare da ubangidansu, a siffanta mutum da abin da jikokinshi za su tashi su tarar ana yi masu gori da shi. Masu kukuma irin su Garba Supa da Hassan Wayam kau a wajen rawar samari da 'yan mata aka san su, kuma dattawan wancan lokacin abin da suke faɗa a kansu shi ne daidai abin da muke faɗa a kan yaran yanzu, har hana yara zuwa ake yi ana bulala. A lokacin da suke raye maroƙa ake ce masu, mutane da yawa ba za su ba su auren ɗiya ba. Sai da suka mutu muka yi masu wanka muka sa masu farar riga muka ce su ne malaman tarbiyya. Sun yi waƙoƙin gyara, wannan gaskiya ne, da su gwamnati ta wayar da kan mutane lokacin komawa tuƙin hannun dama a 1972 da canjin kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973, amma mutane ne masu neman abinci da bakinsu, sun yi mai kyau sun yi marar kyau.

Ba kuma ina cewa na yanzu sun kamo su ba ne. A'a. Abin da na fi jin takaici a waƙar yanzu shi ne kwamfuta ta ɗauke ma yaro wahalar da ke sa a ƙware, muryar da ba ta kai ba injin zai gyara, kiɗa ɗaya waƙa goma, in aka ɗauke wuta a wajen biki mawaƙi ya tsaya yana kallon jama'a. Shata ko lasifika babu zai cika fili. Amma cikinsu akwai masu abin faɗa, Aminu Ala ya san Hausa ya san ma'aunin waƙa, Nura M Inuwa yana da kalamai da ke taɓa zuciya, kuma ko ka so Rarara ko ka ƙi shi saboda siyasa, ɗan Kahutu ne nan ƙasar Ɗanja, kuma salon habaicinshi da yadda yake riƙe amshi ɗaya ya yi ta ɗora mashi kaya ai gadon gidan su Shata ne, duk mai kunne ya ji haka. Waƙoƙin Indiya ma da ake ɓoyewa, iyayenmu da yayyenmu da suka yi zamanin silima su suka shigo mana da su gida, har masu bandiri a Kano suka ɗauki karin suka mayar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Yau mutum ya haura sittin yana jin muryar Rafi ƙwalla ta taru mashi don ya tuna ƙuruciyarshi da abokan da suka riga mu gidan gaskiya, me ye abin ɓoyo a nan?

Wanda ya bar jin kiɗa gaba ɗaya saboda abin da ya fahimta a addini, wannan ina girmama shi ƙwarai, ya tsaya a kan abu ɗaya kuma hukunci fagen malamai ne ba nawa ba. Da wanda nake magana shi ne mai ji a ɗaki ya fito waje ya zagi mai ji, ko mai cewa kotso halal ne ƙwarya ce haram alhali duk kiɗa ne, bambancin kawai wannan na sarki ne wannan na matan gida.

Kuma wannan kunya tana da hasara ta zahiri. Waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo an tattara da yawa, an rubuta, an sa a intanet, masoya sun kafa ƙungiyoyi. Amma na masu amada da masu kukuma da gurmi da garaya da makaɗan noma da na maƙera da mahauta, waɗanda ba su da wani babba da zai tsaya masu, suna nan cikin tsofaffin kaset da faifan garmaho a ɗakunan ajiya na gidajen rediyo da cikin akwatunan tsofaffi, zafi da ƙura na cin su, in mai akwatin ya rasu magada su zubar don ba su ga amfaninsu ba. Wanda aka samu aka tura a waya kuma sau da yawa ba suna ba shekara, an yanke kai an yanke gindi, har a laƙa ma wani waƙar wani. Narambaɗa da ya rasu tun wajejen 1960 ai da ba a naɗi ɗan abin da aka naɗa ba da yanzu sai dai labari, to haka waɗannan za su zama in aka ci gaba da jin nauyin ambatonsu.

Don haka roƙona gare ka Malam Edita, wannan jarida ta buɗe fili ko da sau ɗaya a wata na makaɗan da ba a cika ambato ba, kar a tsaya kan manyan ukun nan kaɗai. A aika wakili Funtuwa ya nemi matan da suka yi ma Barmani amshi tun suna da rai, a nemi makaɗan kalangun Shata da suka rage da iyalan Sarkin Taushi a nan Katsina a ji ta bakinsu, yadda ake haɗa waƙar, wa ke ba da amshi, nawa ake samu, ya ake rabawa. Ina kuma kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da sashen Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da gidajen rediyonmu, na jiha da Companion FM har da Rediyon Tarayya na Kaduna inda aka naɗi da yawa daga cikin waɗannan waƙoƙi, su haɗa hannu a kwashe abin da ke cikin kaset a mayar kwamfuta da sunan mai waƙa da garinsu da lokacin da aka ɗauka, na fada da na tasha da na cikin gida duka, kar a zaɓe. Masu tsofaffin kaset a gida kuma a sanar da inda za su kai a kwafa a maido masu abinsu, ni ma ina da 'yan kaɗan na amada da kukuma da zan kawo in an buɗe.

Na gode da wannan fili, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu cikinsu ya yafe masu kurakuransu, mu kuma ya ba mu zaman lafiya a jiharmu da ƙasa baki ɗaya.

Wassalam.

Naku mai karatu a kullum,
daga Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina.